Zuwa Ga Bawana, Babban Likitan Karnukan Shagari

Ɗan Gwaggo, ina gajiya? Yaya zafi, yaya mai jiki? A'a, dakata, kar ka yi saurin cewa uwargida ta samu sauƙi, ba ita nake tambaya ba. Duna nake nufi, baƙin karen nan naka mai yankakken kunne, wanda duk Shagari ta san shi ne ɗan lelen gidan. Labarin sabon muƙaminka ya riga ka isowa Boɗinga. An ce yanzu in ba a ce maka Dakta ba, ba ka waigowa. Madalla, Allah ya sa alheri. Sai dai ka manta da al'ada: ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, kuma bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne. Saboda haka asibitin nan da ka buɗe a gindin rumbu nawa ne, ga ni na zo duba ma'aikaci.

Ga yadda aka kawo mini rahoto. Duna ya wayi gari ya ƙi tuwo, ya ƙi ƙanzo, ya je ya lafe ƙarƙashin rumbu yana haki. Kai kuwa ka fito, ka naɗe hannun riga, ka gyara zaman hula, ka tsuguna can nesa iyakar tsawon hannunka, ka ɗan taɓa masa hanci da bayan yatsa guda. Sannan ka ɗaga kai sama ka yi shiru yadda ka ga manyan likitoci na yi a fim, ka yanke hukunci: “Wagga maleriya ta, kuma hadda taihot.” Nan take aka tashi yaro kemis ya sayo farasitamol da kafso mai ja da rawaya, ka murtsuke su cikin fura, ka tura masa ƙwarya da ƙafa. Duna ya shinshina, ya dube ka, ya kau da kai. Wallahi ranar, a gidan nan kaf, shi kaɗai ya nuna alamar ya yi karatu.

Kar ka ɓata fuska, dama can ba a gyare take ba. Zauna in koya maka sana'arka.

Da farko, cututtukan nan biyu da ka ɗora wa bawan Allah, ko ɗaya ba ta kama kare. Maleriyar da sauro ke sa mana tamu ce mu 'yan Adam, taifot ma haka. Wato ka zaɓo cututtuka biyu rak a duniya, ka yi sa'ar da ba kowa ke yi ba: duka biyun ka kuskure. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma naka ya wuce ƙuƙumi, har da mari.

Sai hannun nan naka mai albarka, wanda kanta ta gama cinyewa. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Na kare kuwa tsakanin 38 ne zuwa 39.2. Ka ga ke nan kare lafiyayye sumul, wanda ya ci ya ƙoshi yana kaɗa wutsiya, in ka taɓa shi za ka ji ya fi ka zafi, don haka Allah ya halicce shi. In da hannunka za a bi, da duk karnukan da ke tsakanin Yabo da Tambuwal suna kwance ana musu ƙarin ruwa. Zazzaɓin kare daga wajen 39.5 yake farawa. Tsakanin lafiya da ciwo ke nan ko rabin digiri babu. Kai da ba ka sanin shayi na da zafi sai ya sale maka harshe, kai ne za ka ji rabin digiri da bayan yatsa, ta cikin gashi? Awon nan naka awon mai hatsin da ya mance mudu a gida ne, ya cire hula yana auna wa mutane gero: ko ya cuci mai saye, ko ya cuci kansa, amma daidai kam babu.

Maganar hanci kuwa, tun muna yara muke jin ta: in hancin kare ya bushe ba shi da lafiya, in da laima lafiya lau. Zancen gindin bishiya ne. Kare na yawan lasar hancinsa. In ya yi barci ya daina lasa, sai ya bushe. Iskar hunturu na busar da shi, rana na busar da shi. Kuma za ka ga kare na fama da zazzaɓi mai zafi alhali hancinsa jiƙe sharkaf. Leɓenka da ke tsattsagewa duk hunturu har kana dariya da rabin baki, wa ya taɓa cewa a kai ka asibiti?

Ka kuma tuna inda muke. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 ko a inuwa. Kare ba ya zufa a jiki irin tamu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin dagi. Da haki yake fitar da zafi. In ya biyo babur ɗinka da gudu daga gona da azahar, ko ya dawo farauta, jikinsa zai ɗau zafi ba tare da wata cuta ba. A bar shi ya kwanta a inuwa rabin awa, ya sha ruwa, numfashinsa ya daidaita, sannan a yi maganar awo.

Abin awon kuwa ɗan mitsitsi ne: ma'aunin zafin jiki mai batir, wanda ke nuna lamba, in ya gama ya yi ɗan kuka. Akwai shi a kemis. Kuɗinsa bai kai abin da kake kashewa a teburin mai shayi ba, a 'yan ranakun da ba a samu wanda ya biya maka ba. Na san a nan gizo ke saƙa. Naira in ta shiga aljihunka ta yi bankwana da hasken rana ke nan, sai dai jikoki su gan ta ranar rabon gado. To ko ka daure ka saya, ga gargaɗi uku. Kar ka ɗauko tsohon na gilashi mai zaiba a ciki. Kare na zabura ko ya zauna, ya karye a jikinsa, ga gilashi ga guba. Kar ka aro bindigar awon nan da aka riƙa auna mana goshi da ita a ƙofar banki lokacin korona a 2020. Fata take karantawa, gashin kare rikita ta yake yi. Na uku, wanda na fi jin tsoro daga gare ka: kar ka saci na uwargida da take auna yara da shi, ka gama ka goge da gefen riga ka mayar cikin kwalla shiru. In na ji haka, ni da kaina zan kai ƙara gaban Gwaggo. Na Duna daban, a ɗaura masa jan zare, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

To, yanzu mun iso inda kake ta kewaye-kewaye. Ina ake sa shi? Ba a baki ba, zai taune shi ya haɗa da yatsanka. Ba a hammata ba, lambar da za ka samu can ba abin dogaro ba ce. Ta dubura ake sa shi. E, ta nan ɗin. Tun daga nan ina hango ka ka ja hula ka rufe ido kana salati. Ikon Allah! Kai da kake shiga walimar da ba a gayyace ka ba, ka cinye kwano biyu ka nemi leda, yau kai ne mai kunyar wutsiyar kare?

Buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Aikin mutum biyu ne, kuma manya, ba yara ba. Wanda karen ya fi sabawa da shi, wato kai, shi ke riƙe kai. Ka samu tsumma mai tsabta, dogo, ka zagaye masa baki da shi, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ka zagayo bayan kunnuwa ka ɗaure. Kare mai ciwo kan ciji ko ubangidansa, ba don ƙiyayya ba, don zafin ciwo. Amma in yana amai, ko yana haki sosai, kar a ɗaure bakin, da shi yake shan iska. Sai dai a riƙe kan da kyau. Hannunka ɗaya ya zagaye wuya, ɗaya ya tallafi ciki don kar ya zauna. Kana yi kana kiran sunansa a hankali, da muryar nan da kake roƙon bashi da ita.

Na biyun ya kunna ma'aunin, ya shafa wa tsininsa basilin, ya ɗaga wutsiya a hankali, ba fizga ba. Ya tura sannu-sannu kimanin santimita 2 zuwa 3, wato gaɓar yatsa guda. In ɗan kwikwiyo ne, ƙasa da haka. Ya ɗan karkata shi gefe ya taɓa jikin hanji, don in ya nutse cikin kashi, zafin kashin zai auno. In ya ji ya cije, kar ya danna da ƙarfi, ya ɗan jira karen ya saki jiki. Kuma kar ya saki ma'aunin ya tafi amsa waya. Kafin minti guda zai yi kuka. A zare, a karanta, a dubi tsinin: in akwai jini ko baƙin kashi mai danƙo, wannan labari ne da likita zai so ji. A goge da auduga, a wanke da sabulu, kowa ya wanke hannu. Sannan a rubuta lambar da lokacin da aka auna. A takarda, Ɗan Gwaggo, ba a ka ba. Na san kan.

Ga fassarar lambobin, tunda lissafi bai taɓa zama abokinka ba. Daga 38 zuwa 39.2, zafin jiki lafiya. In duk da haka ya ƙi abinci, a nemi dalilin a wani wuri. Daga 39.5 zuwa 40, akwai zazzaɓi: inuwa, ruwan sha mai tsabta, a sake awo bayan 'yan awoyi, a kira malamin dabbobi. In ya haura 40, yau za a tafi, ba gobe in an dawo kasuwa ba. In ya kai 41, ana maganar rai ne, domin a nan ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ke fara lalacewa. Kafin a samu mota, a jiƙa masa ciki da tsakanin cinyoyi da dagi da kunnuwa da ruwan randa, ana yi masa fifita. Ruwan randa na ce, ba ƙanƙara ba. Ana yi ana sake awo. Ya sauko wajen 39.5, a tsaya haka nan, kar a zarce. Kuma kar ka ga lamba ta yi ƙasa ka fara rabon goro: kare marar lafiya da jikinsa ya sauka 37 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari babba, a lulluɓe shi a nufi likita. Wuri ɗaya saukar nan ke zama albishir, wato ga karya mai tsohon ciki, domin zafin jikinta kan faɗo wajen 37 kamar kwana guda kafin ta haihu. Duna namiji ne. Na faɗa ne don kar ka zauna jiran 'yan kwikwiyo.

Na san hujjar da ka tanada a aljihu: najasa. Ka kawo ta kasuwar da ba ta ci. Mu mutanen Boɗinga ne, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu yake Sifawa, nan kusa da mu, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Karatu a nan ko ba ka nema ba sai ya shafe ka. A mazhabar Malikiyya da ni da kai muke bi, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har kare, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ya sha, bin umarni ne. Kashinsa ne najasa, shi ya sa aka yi ruwa da sabulu. An kuma yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gida lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ba ya son haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsa, da zaki ma zai ajiye. Kai kuma da har yau ba ka sauke Ahalari ba, ka fi mai Risala tsantseni?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da kake ɗauke da sunansa. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah ya jiƙansa, kafin ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983 malamin makaranta ne, kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato. Yana kwance a garinku tun Disambar 2018. A ce garin malamin kimiyya guda, yau ɗansa ne ke awon zazzaɓi da yatsa yana duban sama. Ka rufa wa garin asiri, kar 'yan Yabo su ji.

Mu koma kan furar nan da ka haɗa. Allah ne ya taimake ka Duna ya ƙi sha. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda kake afawa bibbiyu in ka dawo noma, suna huda wa kare ciki, su kashe masa ƙoda. Farasitamol a awon mutum kan lalata masa hanta da jini. Kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya aika ta. Kafso kuma ba ka san cutar ba, ba ka san nauyin karen ba, asarar kuɗi ce, kuma na san wannan ɓangaren ne kaɗai zai taɓa maka zuciya. Zazzaɓi ɗan aike ne. Ya zo ya gaya maka akwai abin da ke faruwa a ciki. In ka danne shi da ƙwaya, ka kori ɗan aiken ba ka ji saƙon ba, likita ma ya zo ya rasa inda zai kama. Sannan tafarnuwar nan da kake ganin tana maganin komai, daga mura har talauci, kar ta kusanci bakinsa. Ita da albasa, ɗanya ko dafaffiya, farfasa wa kare ƙwayoyin jini suke yi. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, saboda haka a kula da sauran miya da ake juye masa.

Tunda kana son a ce Dakta, ga abin da za ka yi da ido da yatsa wanda zai yi amfani. In karen na cikin hankalinsa, ɗaga masa leɓe ka dubi dasashi. Ja-ja mai haske, lafiya. Fari fat, jini ya yi ƙasa. Rawaya, to nan ne maganar shawara ta taso. In dasashin baƙi ne, tunda Duna ne, ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba can. Ka kamo fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki: in ta koma nan da nan, da ruwa a jikinsa, in ta tsaya a tattare, ya bushe. Sannan ka bi kunnuwa ciki da waje, da wuya, da tsakanin yatsun ƙafa, ka nemi kaska. Ita ce ke ɗauko ƙwayoyin cutar da ke shiga jinin kare su sa masa zazzaɓi, su ƙarar da jinin, musamman da damina. In ka gan ta, kama ta daf da fata ka zare a miƙe. Kar ka yi masa wanka da fiya-fiya, ko kananzir, ko baƙin mai. Kaska za ta mutu, shi ma ya bi ta. In kwikwiyo ne ke amai da zawon jini mai ɗoyi, wannan ba ta jira, ƙarin ruwa yake buƙata a ranar. In kwantsa ce da majina da tari, daga baya jiki ya fara karkarwa, ita ma cuta ce mai suna a wurin likitoci, kuma duka biyun suna da allurar rigakafi.

Nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci, amma kar ka saba. Akwai ranar da ba a awo, ba a taɓawa, ba a ko matsawa kusa. In ka ga halin kare ya juye, mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, ko mai faɗa ya yi laushi ba dalili. Yana dalalar da yawu, haushinsa ya sake, muƙamuƙinsa ya saki bakin na rataye, ƙafafun baya na ja, to ka zargi haukan kare. Mutane da yawa a nan suke halaka: su ga baki a buɗe su ce ƙashi ne ya maƙale, su zura hannu su ciro. Kar ka yi. A rufe shi inda ba zai fita ba, a janye yara, a kira malamin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma kafin su bayyana ana tare ta. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15 cur, a kai shi asibiti a ranar a fara allura. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon ba ya tare komai. Karen da ya yi cizon ana tsare shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara wa mutum allura.

Rigakafin kuwa ba sabon abu ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira, shi ya sa ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ta zama ranar yaƙi da cutar a duniya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka a nan gida. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. To, Dakta, ina takardar rigakafin Duna? Kar ka ce gara ta ci. Garar gidanku ta ci takardar firamarenka, ta ci rasit ɗin bashina, ta isa haka nan.

In abin ya fi ƙarfin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. Ku fita da sanyin safiya, da ruwa a jarka, da takardar lambobin nan. Ka gaya wa likita yaushe ya daina ci, ko ya yi amai, yaya kashinsa, kuma me ka ba shi. Gaskiya za ka faɗa, har da furar. Abin daɗin shi ne, daga Shagari ba ka da hanyar Sakkwato sai ta Boɗinga. Zan sa yara su jira a bakin titi. Ba don komai ba, don su ga babban mutum rungume da kare a bayan a-kori-kura, yana yi masa fifita da hula.

Ai na san sirrinka, bawan Allah. A gaban mutane kai ne mai daka masa tsawa, kana “Kai, tahi can!” kana harbin iska da ƙafa. Da dare kuwa, in gida ya yi barci, kai ne ke lallaɓawa da sauran nono a ƙwarya, kana tsugune kana yi masa hira. Kuma ka yi daidai. Tumakinka da ke kwana a garke lafiya a zamanin nan da ɓarayin dabbobi suka hana mutane barci, ba kwarjininka ke tsare su ba. Hadisi ingantacce ya ba mu labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Kai da zunubanka suka haɗa da bashina, ina kai ina wasa da irin wannan dama? Wani malami a Bagadaza, Ibn al-Marzuban, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya rubuta littafi sukutum kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi. Ban ce da kai yake ba. Bai san ka ba. Amma malamai akwai hangen nesa.

Saboda haka ka daina son Duna a ɓoye kana yi masa magani da ka. Na kuma san ko na shekara ina wa'azi, hannunka ba zai shiga aljihu ba. Shi ya sa na yanke shawara a madadinka: kuɗin sharar da nake ba ka duk Muharram, na bana na riga na kashe su, na sayo ma'auni da kwalbar basilin, har da jan zaren. Suna nan Boɗinga, ka zo da ƙafarka ka durƙusa ka karɓa. Ka auna safe da yamma, ka turo mini hoton lambar ta WhatsApp, hoton ma'aunin kansa, don ban yarda da karatunka ba.

In kana da ta cewa, fili a buɗe yake, ka rama a mako mai zuwa. A samu yaro ɗan aji uku ya rubuta maka. Ka gaida mini Gwaggo da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ka ce mata mu a nan ba mu ga laifinta ba: jinin gidanmu mai kyau ta kai, ruwan madatsar Shagari ne ya surka shi.

Naka har kullum, ko ka so ko ka ƙi,
Ubangidanka na Boɗinga.